Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Paki, matata tana ɗauke da cikinta na fari, har ya tsufa. Wata rana da damina na dawo daga gona ta ce mini, "Yau ma ban ji motsi ba." Na ce ai malalaci ne, ubansa ya gado. Ni kaɗai na yi dariya.

Mahaifiyata ta shafa cikin ta ce, "Kwanciya ya yi. Ciki yakan kwanta, in lokacinsa ya yi ya tashi." Ba sakaci ba ne, abin da ta taso ta ji ke nan. Muka zauna jira. Sai da zazzaɓi ya fara kama matata, abinci ya ƙi shiga, sannan na nemo mota muka nufi Makarfi a yi mata hoton ciki.

Ma'aikaciyar ta shafa mata wani mai a ciki, ta ɗora na'ura tana zagayawa. Ba yanka, ba allura, amma ga abin da ke ciki ya fito a allo. Ni dai duhu da fari-fari kawai nake gani, amma na tsaya ina gyaɗa kai kamar na gane. Har na ce, "Malama, namiji ne ko mace?"

Ta daɗe a wuri ɗaya tana kallo, ta matsa gefe, ta sake dawowa. Sannan ta nuna da yatsa. "Malam, nan ce zuciya. Da tana bugawa, da ka ga wurin yana motsi. Sai haƙuri."

Na juya wajen matata, na zaci za ta fashe da kuka. Rufin ɗakin kawai take kallo. Ta ce, "Na sani tuntuni. So nake wani ya faɗa."

Ranar aka kwantar da ita a asibiti. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri, da ita ma sai yadda Allah ya yi. Da aka fito da gawar jaririn, mahaifiyata ce ta karɓe shi ta naɗe a zane. Muka kai shi makwancinsa, kuma ban sake jin ta ambaci kwanciyar ciki ba har ta rasu.

Allah ya ba mu wasu 'ya'yan daga baya, kowanne an duba shi tun yana ciki. Na'urar nan ita ta ceci matata, na sani, ina kuma godiya. Amma har yau in muka je awo, a bakin ƙofa nake tsayawa. Sai na ji muryar ma'aikaciya ta ce "lafiya lau" sannan ƙafata take iya shiga.