Ya Gana da Walƙiyar Kyamararta

Duk wanda ya san Ya Gana ya san ba ta ɗaukar hoto sai da filas, wanda ita take kira walƙiya. Ko da tsakar rana ce, ƙasar unguwarmu Limanti na ƙona tafin ƙafa, sai ta jera mu a ƙofar gida, ta ɗaga 'yar kyamararta mai ruwan azurfa, ta watsa mana haske a ido. In ka ce mata ai akwai rana, sai ta dube ka sama da ƙasa, ta ce rana tsakar kai take haskawa, ita kuwa fuska ta zo ɗauka. Abin haushi, tana da gaskiya. A hotunan wasu, matan da suka ja laffaya zuwa goshi inuwa ce kawai da haƙora. A nata kuwa kowa da fuskarsa, ko da rabinmu mun runtse ido.

Matar kawuna ce, Kawu Sani, wanda cinikin yadi ya kawo daga Kano ya zauna a garin nan. Ita Babarbariya ce, ungozoma a asibiti har ta ajiye aiki. Tana ajiyewa ta sayi kyamarar, wai ta gaji da karɓar jarirai tana miƙa wa iyayensu, ba ta riƙe ko ɗaya ba. Daga nan babu suna ko biki da za a yi ba a ga walƙiyarta ba, an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba.

Da farko jajayen idanu take fito mana da su. Ƙanwata Hauwa ta ga hoton ranar lallenta, idanunta kamar na kyanwa a lungu, ta fashe da kuka. Ya Gana ko a jikinta. Ta ce amarya da jan ido ai daidai ne, dangin miji za su ce kukan rabuwa da gida ta yi, su ƙara ganin mutuncinta. Amma a ɓoye ta je wurin mai wankin hoto ta tambaya, ya ce mutane su daina kallon hasken kai tsaye. Tun daga ranar ta samu kalmarta: "Ku kalli kunnena." Har limamin unguwarmu sai da ya kalli kunnen Ya Gana.

Walƙiya kuwa tana shan batir, Ya Gana kuma ba ta yarda batir yana mutuwa ba. Shanya su take yi a kan kwanon ɗaki su sha rana, wai gajiya kawai suka yi. In sun ƙi farfaɗowa sai ta lallaɓa wurin rediyon Kawu. A shekarun nan da gari ya rikice, rediyon nan shi ne rayuwar Kawu, yana manne da kunnensa ya ji inda aka kai hari. Wata safiya ya murɗa, shiru. Ya buɗe baya, wayam. Ya same ta tana saka takalmi za ta gidan suna, ya yi faɗa har hularsa na rawa. Ta bari ya gama, sannan ta ce masa labarin da zai ji yau shi za su maimaita gobe, kuma ba mai daɗi ba ne, jaririn nan kuwa yau kaɗai ake raɗa masa suna. Kawu ya tafi maƙwabta sauraron labarai.

Sau ɗaya na ga jikinta ya yi sanyi. Wani suna ne a unguwar Galtimari, a gidan da ya cika da dangin da suka gudo daga ƙauye. Ɗakin mai jego duhu, ga babu wuta. Ya Gana ta danna ba ta yi gargaɗi ba. Hasken na tashi wata tsohuwa ta kife a kan jaririn, ta rufe shi da jikinta tana salati, sauran matan suka zube ƙasa. Babu wanda ya yi dariya. Ya Gana ta zauna a tabarma kusa da tsohuwar, ta yi ta lallashinta da Barbarci, ta ce haske ne kawai, babu ƙara a bayansa. Daga baya ta damƙa mata kyamarar ta ce ta danna da kanta. Tsohuwar ta danna, ta ɗauko rufin ɗaki da rabin ɗankwalin Ya Gana. Ta sake, ta sake, har ta fara dariya, har batirin Kawu ya ƙare. Tun ranar, Ya Gana ba ta ƙara ɗaga kyamara ba sai ta sanar cewa walƙiya na zuwa.

Akwai kuma labarinta da wani soja, wannan kuwa da ni aka yi. Lokacin an yanke layukan waya, ko'ina shinge. A wani shinge aka sauke mu daga keke mai ƙafa uku, wani soja matashi ya buɗe jakarta ya ciro kyamarar. A lokacin kuwa abin da bai kai wannan ba ma yana jawo wa mutum wahala. Yana jujjuya ta sai yatsansa ya danna, walƙiya ta dalle shi a ido, ya ja da baya, abokansa suka kwashe da dariya. Ni ina ta addu'a a zuci, ita kuwa ta miƙa hannu.

"Ɗana, ka ɓata mini batir, kuma ka rufe ido. Kawo in ɗauke ka yadda ya kamata. Kana da uwa?"

Da guntuwar Hausarsa ya ce tana can kudu, tun da aka kawo shi nan ba ta gan shi ba, yanzu ko muryarsa ba ta ji. Ya Gana ta ce ya cire hular kwanon, ya ce doka ta hana. Ta ce ba komai, don irin wannan aka yi walƙiya, uwa fuska take so ta gani ba hula ba. Kun san Hausarta in ta ɗauki zafi, ba ta raba mace da namiji. Ta dubi ƙato da bindiga a kafaɗa ta ce, "Ki kalli kunnena." Ya kalla.

Da aka wanke hoton ta koma ta kai masa, ta tarar da wasu fuskoki. Aka ce an tura shi da abokansa daji. Ga shi ba ta tambayi sunansa ba. Daga nan duk shingen da aka tsayar da ita sai ta ciro hoton ta bi sojoji ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko sun san shi. Har masu keke suka fara gudun ɗaukarta, don sojoji sun ce a wuce, ita ce ke tsayar da su. Kawu ya yi magana har ya gaji. Ba ta taɓa samun wanda ya san shi ba.

Da ciwonta ya yi nauyi ta kira ni, ta ciro hoton daga ƙarƙashin matashin kai ta sa mini a hannu. Ta ce in gari ya lafa in ci gaba da tambaya, don akwai wata mata a can da ke jiran wannan fuskar. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa.

Hoton yana jakata, ina nuna shi inda na samu dama. Yaro ne ashe, ko gemu bai gama fito masa ba, yana ƙoƙarin ɓoye dariya.

Allah ya jiƙan Ya Gana, ya haskaka mata kabarinta, ya ba Kawu haƙurin rashinta. Shi kuma yaron nan, in yana raye, Allah ya sa ya riga hotonsa isa gida.