Ski ɗin da za ta girma da shi

Jama'a, yau Baban Hanan ya kusa sa a kore mu daga shago!

Kun san 'yata Hanan, mai shekara goma sha ɗaya, ta fara koyon tsalle da juyi a kan dusar ƙanƙara. Asabar ɗin nan za su hau tsaunuka gasar yara, ga ski ɗinta, wato dogon katakon da ake ɗaurawa a ƙafa a yi zamiya, ya yi mata kaɗan. Muka taso daga garinmu McLeansville, nan Amurka, mu uku, sai shagon kayan ski.

Baturen shagon ya kawo irin na masu tsalle, mai lanƙwasa gaba da baya don a iya zamewa da baya. Ya tsayar da shi a gabanta, ya kai mata haɓa. Ya ce wannan ne daidai mai koyo.

Baban Hanan ya ce, "Haba! Baɗi fa? Kawo babba, za ta girma da shi, ƙannenta su gada."

Na ce, "Alhaji, ba kayan sallah ba ne fa."

Ina! Ya je ya zaro wani da ya fi shi kansa tsawo.

Hanan ta ce, "Daddy, I can't spin with that!" Wai ba za ta iya juyi da shi ba.

Ya ce, "Me zai hana? Kalli nan." Ya saɓa shi a kafaɗa, ya juya.

Ratatata! Hulunan kwanon da aka jera duk suka zube. Kowa ya waiwayo. Ni na ɓuya bayan riguna!

Bawan Allah ya gyara hularsa, ya ce a hankali, "A ba ta na haɓar."

Mun zo biya, sai na ji yana raɗa wa baturen, "Amma safar da za ta sa, a ba mu ta manya."