Jar Mota Mai Kujera Biyu

A hannun wani Bature na saye ta, mai haƙa rijiyoyin burtsatse, wanda ya zo ƙasarmu bayan shekarun fari, ya gama aikinsa zai koma gida. Lokacin ina malamin gona a Gumel, ban yi aure ba. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi suka shigo hannuna a dunƙule, kaina ya ɗau zafi. Abokan aikina kowa ya yi abin hankali. Wannan ya sayi babur, wancan ya sayi shanun huɗa, wani ya tafi nemo aure. Ni da na tashi, sai na kwaso jar mota gajeruwa mai kujera biyu rak, rufinta na tamfol ne, ana naɗe shi ta baya a bar mutum a fili.

Ba zan yi ƙarya ba, na so motar nan. Ta tsufa, fatar kujerunta ta tsattsage, ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu, amma in na murɗa makulli ta yi gurnanin nan, wallahi har cikin ƙirjina nake ji. Ranar kasuwar Maigatari nakan yi sammako in hau hanya, iska tana dukan fuskata, rigata ta cika tam, ina zaune dab da ƙasa har sai in ga kamar zan iya miƙa hannu in tsinki ciyawa. In na tsaya a bakin kara, wato kasuwar shanu, kafin in kashe inji an kewaye ni. Makiyaya su dogara da sanduna suna leƙe, direbobin manyan motocin kaya na Damagaram su sunkuyo daga can sama suna tambayar ko sauran rabin motar yana hanya. Ni kuwa in ɗora hannu a kan ƙofa, in yi kamar ban ji ba. Daɗi nake ji, daɗi sosai.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a garinmu mai mota ba shi kaɗai ke da ita ba. Ban yi mako da ita ba, wata safiya na fito na tarar da dattawan unguwa huɗu sun ci ado a ƙofar gidan da nake haya, za su ɗaurin aure Gagarawa, sun ji ɗansu ya yi mota. Suka dube ta, suka dubi juna. Babbansu ya zagaya ta baya yana neman inda ake zama, ya ɗaga murfin but ya ga ko buhun gero ba zai shiga ba, ya mayar a hankali.

Ya ce, "To, Malam, Allah ya sanya alheri. Mu da muke tsammanin mota ce."

Daga ranar suka raɗa mata suna Ba-ni-da-dangi. Haushin sunan nan ya daɗe yana ci na, don ni mutum ne mai saurin hawa, su ma sun sani, shi ya sa suke ƙara yi.

Ga kuma rairayin ƙasarmu. Motar da aka ƙera don kwalta, cikinta yana jan ƙasa, da zarar na sauka daga babbar hanya zan shiga ƙauyukan Sule Tankarkar duba gonaki, sai ta nutse har gindi. In fito da farar rigata in yi ta tono da hannu, ina cusa karan dawa ƙarƙashin taya, ina zagin Baturen da bai san ina yi ba. Kayan gyaranta babu, ko a Kano sai an sha yawo. Wani bakanike a Maigatari ne yake lallaɓa mini ita da waya da tsohuwar roba. Damina ɗaya ta ishi rufin, tamfol ya ruɓe, ƙarafunan da ke ɗaga shi suka yi tsatsa suka cije. Bakaniken ya ce in kawo ya kwance su ya sa mai, na yi ta cewa gobe, don ni dama a buɗe na fi son ta.

Sai in faɗi yadda muke da Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, jinin Filani, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In dole ta kama ta yi zancena, sai ta ce "wancan." In na je ƙauyenmu, can gaba da Ɗanzomo, na durƙusa a bakin ƙofarta na gaishe ta, takan amsa ne tana kallon bango. Ba mu taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Amma ban taɓa barin garin ba sai an biyo ni da ɗan kwanon man shanu ko ƙullin daddawa, a ce wai Goggo ce ta bayar, alhali kowa ya san daga ɗakin da ya fito. Ni da bokona, ina ɗaukar abin tsohon yayi, har dariya yake ba ni. Ranar da nake zagaya motar nan ina shafa ta a gidan Bature, ko kusa Inna ba ta faɗo mini a rai ba.

Da kaka ne, ana roron wake. Ina ofis da hantsi wani mutumin ƙauyenmu ya shigo, ya jingine kekensa, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya ce igiyar ƙasa ta taɓa Inna a gona tun shekaranjiya. Mutanenmu ba sa kama sunan maciji in ya yi sara. Na tambaye shi wace iri, ya sunkuyar da kai ya ce gajerar nan mai zane. Kububuwa ke nan. Aikin gona ya sa na san ta, na san ba ta kashewa nan take, jini take sa mutum ya yi ta zubarwa har ya ƙare. Na kuma san akwai allurarta a asibitin Gumel.

Ban san yadda na kai ba. Ranar ko sau ɗaya motar ba ta kafe ba, don ban ɗaga ƙafa daga totur ba. Na tarar an yi duk abin da aka sani: an ɗaure, an tsaga, an ba ta jiƙo, an sha rubutu. Ƙafar ta kumbura har cinya, Goggo tana goge mata jini a dasashi da tsumma. Amma hankalinta garau yake. Na ce wa Baffa, ƙanin mahaifina, wanda yake riƙe da gidan tun rasuwar Baba, a fito da ita yanzu yanzu. A mota, kafin azahar an yi mata allura.

Aka ɗauko ta a tabarma zuwa ƙofar gida. Rabin gari yana tsaye, dama duk zuwana haka ake taruwa kallon mota. Inna ta buɗe ido ta dubi abar, ta daɗe tana duba, sannan ta juya wajen Goggo.

Ta ce, "Ina ne wurin zaman?"

Goggo ta nuna mata.

"Ke fa?"

"Babu wurina, Yaya. Mutum biyu take ɗauka."

"To wa zai ja?"

Goggo ta dubi inda nake tsaye. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta ce a mayar da ita ɗaki.

Baffa ya durƙusa yana lallashi, yana cewa larura ce, ba mai ganin laifinta. Aka kira liman, ya ce babu haramci ko kaɗan uwa ta zauna kusa da ɗanta. Daga cikin mayafi ta ce ta sani, ba ta ce haramun ba ne, ba za ta iya ba ne kawai. Kafaɗa da kafaɗa, a fili, a ratsa garuruwa ana kallo? Da akwai kujerar baya, da ta shiga. Duk garin kuma babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari sai ni.

Na zabura zan ɗaga rufin, ko ta samu sutura. Na ja, na jijjiga, samari biyu suka kama mini, ƙarafunan nan suka ce ba su san zance ba. Tamfol ya yage a hannuna, ƙarfe ya yanke ni a tafi. Goggo ta kawo shawara a kafa sanda tsakanin kujerun a rataya zane, kowa da ɓangarensa. Ta sunkuya tana yi wa Inna magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ina tsaye, jini yana ɗiga daga hannuna, rana tana tafiya, zuciya ta zo mini wuya. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, ranar na yi. Na tsaya a kanta na ɗaga murya.

"Haba Inna! Mutuwa fa za ki yi! Kunyar me? Ba ke kika haife ni ba? Ba nononki na sha ba?"

Mata suka kama baki. Inna ta juya fuskarta ɗaya gefen, ta ƙudundune.

Goggo ta miƙe ta jawo ni gefe, idonta jajur. Ta ce, "Kai dai an yi mara kan gado. Ta fara saukowa, har ta tambaye ni wane zane za a rataya. Yanzu ka tsaya gaban gari ka faɗi wannan, ta shiga da wane ido?"

Baffa ya sa aka ɗaura wa shanu amalanke, aka shimfiɗa katifar ciyawa, aka kwantar da Inna, Goggo ta hau kusa da ita. Sannan ya zo wurina ya ce, "Ɗana, ka wuce Gumel da gudu, ka roƙo babbar motar ofishinku ta tarye mu a Ɗanzomo. Ko ka ɗauko malamin asibiti da allurar, ai shi zai zauna kusa da kai."

Maganar hankali ke nan, yau ko yaro ya ji ya san ita ce daidai. Na ƙi. Na ce a raina jijjigar amalanke za ta gajiyar da ita, ba za a yi mil ɗaya ba za ta ce a sauke ta, in ba na kusa fa? Wannan shi ne dalilin da na ba Baffa. Akwai wani kuma da ban faɗa ba, sai yanzu da na tsufa. Ina jin nauyin in shiga ofis, gaban mutanen da suke kiran motata Ba-ni-da-dangi, in ce a ara mini mota in ɗauko uwata. Kuma ina fushi da ita. Ina so ta sauko ta shiga, in nuna ni ne da gaskiya.

Haka muka kama hanya, amalanke a gaba, ni a baya. Burtali ne ƙunci, shinge dama da hagu, rairayi har idon sawu. Motar da nake taƙama da gudunta, ga ta a giya ɗaya tana bin takun shanu, tana kuka, tana shaƙewa. Ba a jima ba lagireto ya tafasa. In tsaya in roƙi ruwa a wurin masu girbi, in ɗura, in sake cim musu. Daga inda nake zaune ina hango tafin ƙafar Inna, mai lafiyar da mai kumburin, da hannun Goggo riƙe da faifai tana kare mata rana. Sau biyu ina danna ham ina ɗaga murya ko ta yarda. Goggo ta kaɗa mini hannu ba ta ko waiwayo ba. Hulata ma ban san inda na yar da ita ba, rana ta dafa mini ƙwaƙwalwa, idona har duhu-duhu yake gani.

Azahar ta gota, mun fara hango itatuwan Ɗanzomo, sai amalanke ya tsaya a gindin wata tsamiya. Goggo ta sauko ta nufo ni riƙe da wani abu. Murna ta kama ni. Na miƙa hannu na buɗe ɗaya ƙofar, har ina kakkaɓe kujera.

Goggo ta miƙo mini tsohon zanen saƙi, wanda aka naɗe aka yi wa Inna matashi da shi.

Ta ce, "Ta ce a ba mai motar ya rufe kansa. Wai tun ɗazu yake cikin rana ba hula, za ta yi masa illa."

Na ce, "Za ta shiga?"

"Ba ta ce ba."

"To wannan ne damuwarta? Kaina?"

Na fizgi zanen na jefa shi kan kujerar, na ja ƙofa na rufe da ƙarfi yadda za ta ji. Goggo ta dube ni, ta koma kan amalanke.

Ba mu yi nisa ba daga tsamiyar amalanke ya sake tsayawa. Wannan karon ba wanda ya sauko. Na ga Goggo ta ajiye faifai. Na ji Baffa yana salati, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Can ya kama igiyar shanu ya fara juya su.

Ni ne na tare hanya. Baffa ya tsaya riƙe da igiya yana jira. Na sa giyar baya, na fasa shingen wani bawan Allah na shiga gonar wakensa, motar ta nutse a nan ta mutu. Amalanke ya zo ya wuce ta gefena, dab da ni, an ja wa Inna mayafi har ƙafa, kanta yana kan katifar ciyawa ba matashi.

Na ɗauki zanen na rufe kaina kamar yadda ta ce, na fito na bi su a ƙasa.