Si Lahdar Direban Tumatir

Fiye da rabin rayuwarsa Si Lahdar ya yi yana tuƙa motar kaya a masana'antar tumatirin gwangwani da ke bayan garinmu, Annaba, a ƙasar Aljeriya. Ni kuwa ina kan injin rufe gwangwani. Da aka kulle masana'antar, kowa ya koma gida ya yi jugum.

Mun san akwai asusun inshora da ke ba wanda ya rasa aiki ɗan abin riƙewa duk wata, ya kuma bar masa katin magani. Kunya ce ta hana mu zuwa, kada a gan mu a layi. Da Si Lahdar ya ce zai je, Balƙasim makaniki ya yi masa tsiya a gidan gahawa, wai ya tafi da ƙoƙo.

"Tun ina da baƙin gashi ake yankar kuɗin nan a albashina," in ji Si Lahdar. "Mai zuwa ɗaukar ajiyarsa ba maroƙi ba ne."

Ya sha jele. Yau a ce takardar sallamarsa ba hatimi, gobe a ce sai ya fara rajista a ofishin neman aiki. Bai taɓa ɗaga wa ma'aikaci murya ba, sai dai ya tambayi abin da ya rage, ya yi godiya ya fita. Da nasa ya fito, ya riƙa kwasar mu a tsohuwar motarsa yana nuna mana ƙofar da za mu fara bi. Balƙasim ma ya shiga, ya ja hula ya rufe goshi.

Matsalar ta taso a kan Mas'uda, wata gwauruwa mai tsince ruɓaɓɓen tumatir. Aka duba, sunanta ba ya cikin asusun sam. Ashe masu masana'antar ba su taɓa yi mata rajista ba. Ga ta da ciwon suga, kuɗin allura ya fi ƙarfinta. Ta ce ta bar wa Allah.

"Ki bar masa, 'yar'uwa, amma ki sa takalminki," Si Lahdar ya ce mata. "Gobe za mu wurin sufeton ƙwadago."

Sufeton ya nemi shaidu. Si Lahdar ya bi mu gida-gida. Wasu suka noƙe, suna tsoron in an sake buɗe masana'antar ba za a ɗauke su ba. Bai zage su ba, ya sha shayinsu ya wuce gaba, har ya haɗa waɗanda za su tsaya. Ina cikinsu. Shari'ar ta ja har damina ta zagayo. Ba duk shekarun Mas'uda aka amince da su ba, amma ta samu katin magani, kuma aikinta ya shiga lissafin fansho.

Shi kansa, da ofishin neman aikin ya tura shi koyon sana'a, gyaran firji ya zaɓa. Ya zauna a aji da sa'annin 'ya'yansa, suna ce masa Kawu, yana leƙa aikinsu in abin ya shige masa duhu. Ranar da ya buɗe shago a bakin kasuwar kifi, da ƙafarsa ya je ya sanar a tsayar da kuɗin da asusun ke ba shi.

Bara aka buɗe wani shagon gyaran firji kusa da nasa, ciniki ya ragu. Na tambaye shi ko abin na damunsa. Ya ce zafin Annaba ya ishi masu gyara biyu, ya miƙo mini wayar firjin da yake gyarawa in riƙe masa.