Jan Ƙyalle a Mangazar Gidan Rumji

A shekarar da jam'iyyu suka fara kafa tutoci a Gidan Rumji, ni ke riƙe da makullin mangazar ma'aikatar noma, ɗakin da muke ajiye iri da kayan aiki. A lokacin aka turo mana wata Bajapaniya mai koyar da noman lambu. Hausarta kaɗan ce, amma ba ta jin kunyar yin ta.

Ran nan ta nemi famfon feshi. Na shiga na yi ta birkita buhuna da tsofaffin tayoyi har gumi ya jiƙa mini riga, ban gan shi ba. Ta leƙo, ta yi dariya, ta ce, "Malam, gobe komai waje!"

Washegari muka kwaso kayan ɗakin kaf muka zube a tsakar gida. Ta yayyaga jan ƙyalle, ta ce duk abin da ya shekara ba a taɓa shi ba a ɗaura masa, alamar ba zai koma ɗakin ba. Haka ake yi a masana'antun ƙasarsu, in ji ta. Kai, abin ya yi daɗi! Famfon feshi har uku muka tono, da garmar shanu sabuwa fil da muka ɗauka an sace.

Rigima ta tashi a kan wata matacciyar keken rubutu. Shef ɗinmu, wato shugaban ma'aikatar, ya ce dole a mayar da ita ɗakin, da ita ya fara aiki. Direbanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yanzu dimokuraɗiyya ake, a ɗaga hannu!" Muka ɗaga, muka kayar da shi. Ya yi dariya har da tari, ya sa aka kai ta buro ɗinsa, wato ofishinsa.

Muka share, muka shafa farar ƙasa. Ta kafa allo a bango, ta zana siffar kowane ƙarfe da fenti a inda za a rataye shi. In aka ɗauki guduma, hotonta ne zai tsaya yana kallonka har a mayar.

Ranar kasuwa manoman Cadakori suka zo karɓar irin gero. Kafin dattijonsu ya gama gaisuwa na aje buhun a gabansa. Ya leƙa ciki, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, sannan ya shiga.

Bayan ta koma ƙasarsu mun ci gaba da sharar safe da ta saba mana da ita. Matata ma sai da ta sa na kafa mata allo a madafa.