Baffa Ilu Mai Lasar Itace

Ku mutanen Fassi kun san 'yar wuƙar nan da ba ta barin aljihun Baffa Ilu, ƙanin mahaifina. Ba ya wuce bishiya bai yanki ɗan reshe ba, ya matse ruwan a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Daga nan sai hukunci: "Wannan ta ƙoshi," ko kuma "Wannan yunwa take ji, mai ita azzalumi ne." Ko mai bishiyar na tsaye a wurin, sai ya faɗa.

Mun sha kunya kuwa. Wani ɗaurin aure a Durba, ana shirin shafa fatiha aka neme shi aka rasa, ashe yana gindin mangwaron mai gida. Ruwan reshen mangwaro kuwa ƙuna gare shi. Ya dawo leɓe ya kumbura suntum.

Na ce, "Baffa, me ya same ka?"

Da ƙyar ya ce, "Ni lafiyata ƙalau. Ita ce ba a ba ta taki, shi ya sa take fushi."

Rigimarmu ni da shi a kan bishiyar lemon tsakar gida ce, wadda matarsa Inna Tabawa ta dasa kafin ta rasu. Shekara uku ko fure babu, ganye duk ya yi rawaya. Ni kuma ɗaki nake son ginawa a wurin, kuma kun san ni da gajen haƙuri. Na fito da gatari, na tarar ya shimfiɗa tabarma a gindin ya miƙe ƙafa.

Ya ce, "Bismillah, Sani. Fara da ni, na fi ta tsufa."

Muka shirya a kan shekara guda: in ba ta yi fure ba, in sare. Don kada a ce ban yi mata adalci ba, na sayo mudun takin yuriya na juye mata a gindi gaba ɗaya. Ban taɓa ganin tsoho ya yi gudu irin na ranar ba.

"Kashe ta za ka yi? Kai in za a ba ka tuwo, a ƙafa ake zuba maka? Bakinta yana can inda inuwarta ta ƙare!"

Ya durƙusa ya tsince takin nan tas. Ya haƙa ɗan kwari ya zagaye bakin inuwar, ya barbaɗa tafin hannu ɗaya, ya haɗa da kashin awaki, ya bi da ruwa. Sauran ya kai wa dawarsa, ko na gode bai ce mini ba.

Da wani malamin gona ya zo daga Rano, na ja shi gida don ya kunyata mini Baffa. Sai mutumin ya hau bayani: saiwa ce ke zuƙo naitirojin daga ƙasa, ya bi ruwan jikin bishiya ya hau har ganye. In ya yi ƙaranci, bishiya ta janye na tsofaffin ganye ta tura wa sababbi, shi ya sa tsofaffin ke fara rawaya.

Baffa ya ce, "Wa ka ce sunansa?"

"Naitirojin."

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina lasar bawan Allahn nan, bai taɓa gaya mini sunansa ba."

Muna ta dariya, shi kuwa ya ɗauki wani rawayan ganye yana juyawa. Can ya ce, "Ashe tsofaffin ba ciwo suke ba. Miƙawa suke yi."

Da sabon toho ya fito kore shar, ya lasa, ya fita har ƙofar masallaci ba takalmi yana shela, "Ta ƙoshi!" Liman ya ɗauka haihuwa aka yi a gidanmu, har ya fara addu'a.

Bai ga furen ba. A lokacin sanyi ya kwanta dama, furen kuwa sai da ruwan farkon damina ya fito. Kwana biyu kafin ya cika ya kira ni ya danƙa mini wuƙar, ya ce, "Ɗakin da kake nema, ga nawa nan. Ita ka bar ta."

A ɗakin nake yanzu, kuma har yau ina jin kunyar gatarin nan. Jiya na yanki reshen bishiyar na lasa. Ɗaci kawai na ji, amma na ce mata ta ƙoshi.

Allah ya jiƙan Baffa Ilu, ya haɗa shi da Inna Tabawa a inuwar da ganyenta ba ya rawaya.