Ranar da Inna ta faɗi sunana

Duk sanda na ji ana maganar haɗe 'yan sandan yankuna a mayar da su runduna ɗaya ƙatuwa, sai in ji gabana ya faɗi. Wai don a inganta aiki. To, Allah ya sa. Ni dai na ga irin wannan gyaran a unguwarmu ta Dagenham, nan ƙasar Turawa, kuma gyaran gangar auzinawa ne.

Da can muna da caji ofis a bakin titinmu. Akwai wani ɗan sanda mai furfura da ke zagaya kasuwa a ƙafa, ya san kowa, har “sannu” ya iya. Ya san Inna, mahaifiyata, wadda na ɗauko daga Kano don a duba mata ido, ta zauna da mu. In ya gan ta ta yi nisa da gida sai ya juyo da ita. Da aka haɗe 'yan sandanmu da na wasu unguwanni, aka rufe ofishin, aka ce mu riƙa kiran waya. Shi kuma aka tura shi can wani wuri. Tun lokacin na ce wa matata akwai lauje cikin naɗi, tsimin kuɗi ne kawai aka sa wa riga.

Wata Talata ina wurin aiki a Whitechapel matata ta kira, Inna ta fita sayen tattasai ba ta dawo ba. Ashe bas ta hau, ya wuce da ita. Na kira 'yan sanda, aka yi ta miƙa ni daga wannan murya zuwa waccan, ba wanda ya san ko sunan titinmu. Sai bayan la'asar aka ce an tsinci wata tsohuwa, in zo wani ofishi mai nisa da ban taɓa takawa ba.

Na shiga ina haki. Inna na zaune, ta ɗago ta gan ni, ta kau da kai ta kalli bango. Wata jami'a ta lura da wannan, na ga yadda ta dube ni. Ta ja ni gefe ta ce ba za su ba ni ita ba tukuna. Sun samo tafinta ta waya, an tambaye ta sunan ɗanta ta ƙi faɗa, sai dai ta ce “wancan yaron”. An tambayi sunan mijinta, nan ma ta yi gum. Ga shi na shigo ko murmushi ba ta yi min ba. A ganinsu tsorona take ji, ƙila dukanta nake yi. In ba su gamsu ba, hannun ƙaramar hukuma za su miƙa ta, ta kwana a hannun baƙi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ne ɗanta na fari. Tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa nuna murnar ganina a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan, haka ta tashi ta gani. Na yi ta bayani, jami'ar tana gyaɗa kai, amma a idonta kowace kalma tawa ƙarin shaida ce a kaina. Ban ga laifinta sosai ba, ba ta san mu ba, ba ta da wanda za ta tambaya. Ta ce daga bakin tsohuwar take so ta ji.

Na durƙusa gaban Inna, na ce, “Inna, ki yi haƙuri ki faɗa musu sunana. In ba haka ba, ba za su bar ki ki bi ni gida ba.”

Sai ta faɗa, ƙasa-ƙasa, har sai da tafintan ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ga ni da furfura a gemu, ranar na fara jin sunana a bakin uwata, kuma wallahi ban ji daɗi ba. Ji na yi kamar na tuɓe mata mayafi a tsakiyar kasuwa.

Suka sake ta, har da ba mu haƙuri. Muka hau bas, har muka kusa gida. Ba ta dube ni ba, taga take kallo.

Ta ce, “A nema min jirgi. Idon ya isa haka.”